Kada Fenti Ya Hau Dandamalin Innarka

Isuhu ɗana,

Assalamu alaikum, kai da Rakiya. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ku kun isa Maradi lafiya, kun sauke gajiyar hanya, babu abin da ya fashe a kayanku sai wanda dama ya tsage tun daga nan. Allah Ya sa kun shiga sabon gidanku a sa'a, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari, Ya tsare ku a fita da shiga. Mu nan Dakoro lafiya lau, sai kewarku, ita kuwa ba a kai ta wurin likita.

Direban da ya ɗauko katakon dandamali shi zai miƙa maka wannan takarda. Na sa wa kowane katako lamba da alli a ƙarƙashinsa, daga na jikin bango zuwa na bakin gaba, ƙafafunsa na itacen ƙirya kuma suna cikin buhu. Ka ce wa kafintan da zai haɗa shi ya bi lambar nan. In ya ce ya fi ni sanin katako, ka ce masa gaskiya ne, amma wannan katakon na fi shi saninsa.

Ka san ni ba mai dogon rubutu ba ne. Duk shekarun da na yi ina yawon allurar dabbobi tsakanin Tagriss da Bader Goula, rubutuna bai wuce shanu kaza, raƙuma kaza ba. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da na ji ranar da kuke ɗaure kaya. Rakiya tana gaya wa maƙwabta cewa za ku kira masu fenti su shafe gidan duka, dandamalin kuma a yi masa shuɗi don ya dace da ƙofofi. Ina tsaye na ji. Bakina ya yi nauyi, kamar yadda ya saba yi a gabanka shekara uku ke nan, tun rasuwar innarka. Gidan naka ne, katakon ma yanzu naka ne, kai ka roƙe ni kuma na ba ka da zuciya ɗaya. Amma kafin buroshi ya taɓa shi, ka samu wuri ka zauna ka karanta wannan har ƙarshe. Kurakuraina zan ba ka labari, ina da su da yawa, ba sai na aro na kowa ba.

Kai da dandamalin nan sa'o'i ne, har ma ya girme ka da wata biyu, saboda haka akwai gaisuwa tsakaninku. Lokacin innarka tana da cikinka, zama a ƙasa ya fara yi mata wuya, ga ruwan damina yana bi ta ƙarƙashin rumfa duk sanda aka yi shi da ƙarfi. Sai na sa kafinta ya haɗa mata wurin zama na jan katako, tudunsa daidai gwiwa, faɗinsa mutum huɗu su zauna su miƙe ƙafa. A shekarar ce kuma na gama ɗakunan sima, wato siminti, na farko a gidanmu. Maso, wato magini, ya gama shafe bango ke nan, bai yi sati biyu ba, ka zo duniya.

Daga nan girman kai ya kama ni. Dangin innarka za su zo suna daga Kornaka, ni kuwa so nake su tarar da gida ya sha fenti, su koma suna cewa 'yarsu ta yi dace. Na tafi na kira Ɗan Jimo mai fenti, wanda ka sani, lokacin gashinsa baƙi wuluk. Ya zo bai ko tambaye ni launi ba. Ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya matsa gaba ya sake ɗorawa, sannan ya juyo.

"Malam, bangon ga bai sha iska ba. Sanyi gare shi har ciki. In na shahwa mishi hwenti yanzu, kai za ka zage ni da kaka."

Na ce masa, "Suna fa saura kwana biyar."

Ya ce, "Sai a yi suna da bango hakanan. Jariri ba ya duban bango."

Raina ya ɓaci, na sallame shi ko ruwa ban ce a kawo masa ba. Na nufi tasha, can na samu wani mai fenti da ake ce wa Ba-Komi, kuma ban daɗe da shi ba na gane dalilin sunan. Bango ɗanye ne fa. "Ba komi." Kwana biyu nake so a gama. "Ba komi, Alhaji." Ni da ban taɓa wuce Maradi ba ya kira ni Alhaji, kuma wallahi ya yi mini daɗi. Cikin kwana biyu ya shafe gidan kore shar, mutanen Kornaka suka zo suka yaba, na yi ta yawo a tsakar gida kamar ni na haifi bangon.

Kafin a yanke gero fentin ya fara kumbura. Ya yi ƙuraje, ya fashe, ya dinga zubowa ɓawo-ɓawo har cikin garin tuwo. Ba-Komi kuwa ko ƙurarsa ban sake gani ba. Kowace safiya innarka za ta share tsakar gida, ta tara koren ɓawon a bakin ƙofata, ta ce, "Malam, ga hwentinka na share. In aje maka ko in zubar?" Ba ta taɓa ɗaga murya a kan maganar ba, kuma da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

To Isuhu, gidanka sabo ne, shafen simarsa bai daɗe ba. In masu fenti sun zo, ka lura da wanda ya fara taɓa bango kafin ya faɗi ranar gamawa. Wanda duk abin da ka ce sai ya ce to, ka gode masa ka raka shi bakin ƙofa. Kada ka yarda a kai ka ganin gidan da aka shafe makon jiya, kowane fenti kyakkyawa ne a makon farko. Ka ce su nuna maka wanda suka yi damina biyu da suka wuce, ka je ka duƙa ka duba ƙasan bangon gabas, inda ruwa yake duka. Ka kuma tambayi mai gidan lokacin da mai fentin ba ya kusa. In an ce ka jira bango ya bushe, ka jira. Abokan aikinka na lakwal, malaman makarantarku, ba za su ƙi cin tuwon Rakiya don bango ba fenti ba.

Da rani ya yi na koma wurin Ɗan Jimo, kaina a ƙasa. Bai tuna mini komai ba, ya ɗauko kayansa ya zo ya kankare koren nan duka, ya fara daga farko. Ni kuwa da yake an cuce ni sau ɗaya, sai na ɗauki kujera na zauna a bayansa tun safe. Can ka bari. Nan ka tsallake. Wancan lungun bai ji ba. Haka na yi masa kwana uku a ɗakina. Da ya koma ɗakin innarka, aiki ya kira ni Tagriss, sai ita ta tsaya. Ta kwashe kayanta da kanta, ta rufe abin da bai ɗaukuwa da tsohon zane, ta dama masa fura, ta tambaye shi jikin tsohuwarsa, ta koma harkarta. Fenti ɗaya ne, bokiti ɗaya, hannu ɗaya, amma na ɗakinta ya fi nawa daɗewa da shekaru. Na taɓa tambayarsa dalili muna zaune a kasuwa, ya yi dariya ya ce, "Nata ni na yi shi. Naka kuwa kai ka yi abinka, hannuna kawai ka ara."

Saboda haka ka tsaya lokacin da za su buɗe bokiti su haɗa, don ka ga yawan ruwan da aka zuba, wannan haƙƙinka ne kuma mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Ka zagaya da su ɗaki-ɗaki, ka nuna da yatsa abin da za a shafa da abin da ba za a taɓa ba, ku gama magana kafin a jiƙa buroshi. Bayan haka ka ba su wuri. Rakiya ta aika musu da ruwan sanyi da abin da aka dafa a gidan, kada a dafa musu wani na daban mai arha.

Ban gama da makon sunanka ba, don a cikinsa na yi wautar da har yau tsofaffin Kornaka ba su manta ba. Ka san yadda muke shafa wa ƙafafun rumbu da ginshiƙan rumfa baƙin mai, wanda aka juye daga injin mota, don gara. Yana aiki, ban musa ba. Sai na ce a raina, abin da ya tsare rumbu ai zai tsare dandamali. Na karɓo bido guda, jarka cike, a gareji, na bi katakon nan na shafe shi sama da ƙasa ana jibi suna. Da safiyar sunan na taɓa na ji kamar ya bushe, na shimfiɗa sabbin tabarmi a kai, na ce nan manya za su zauna.

Liman ya zauna, kakanka na Kornaka ya zauna kusa da shi, su biyun cikin farar shadda da aka buga jiya. Rana ta ɗan yi sama, katako ya ɗumama, man ya taso ya ratsa tabarma. Da aka shafa fatiha suka miƙe, sai ga saƙar tabarma ta fito baƙi ƙirin a bayan rigunansu, gida-gida, kamar da gangan aka zana. Babu wanda ya iya faɗa musu. Jama'a suka bi su a baya kowa yana kallon ƙasa yana cije leɓe. Kakanka bai gani ba sai da ya isa masauki ya tuɓe, kuma daga ranar har ya koma ga Allah bai sake kirana da sunana ba, sai Mai Baƙin Mai. Innarka tana ɗaki mata suka kai mata labari, ta yi dariya har sai da ta tashe ka daga barci, kukanka da dariyarta na jiyo tare daga waje.

Bayan ta yi arba'in muka zauna ni da ita, da toka da yashi da ruwan zafi, muka yi mako guda muna gurzar katakon nan. In ka duba bakin kowane ɗaya, inda zarto ya yanka, za ka ga baƙi-baƙi har yanzu. Aikina ne, kada ka zargi kowa.

Da muka gama muka bar shi haka, sai da Ɗan Jimo ya dawo aikin bango da rani na ce to bari a yi masa fentin mai a huta. Ɗan Jimo ya sake cewa a'a, wannan karon kuma na saurara. Ya ce, "Malam, hwenti bisa katako shike zama, ba ya shiga. Nan wurin taka ƙahwa ne, wata shida ya ɗaye. Ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar hita, katako shi ruɓe daga ciki kai kana ganin sheƙi. Mai za a ba shi ya sha." Shi ya koya mana yadda ake yi, ga shi kuma zan rubuta maka kamar yadda ya faɗa.

Ba a yi wa jiƙaƙƙen katako, sai ya yi kwanaki bai ga ruwa ba. A goge shi da takardar nan mai yashi, mai laushin, a bi tsawon katakon yadda jijiyarsa ta tafi, kada a gitta. A share garin tas da tsumma. Man katako marar launi za ka nema, wanda kafintoci suka sani, ba mai rufe fuska ba. A yi da sanyin safe a inuwa, don in rana ta buɗe saman ne zai bushe ya bar cikin. A shafa kaɗan-kaɗan da tsumma, a bar shi ya sha, abin da ya rage a sama a goge shi, in ba haka ba zai yi danƙo ya kama zanen mutane. A bar shi kwana biyu a sake na biyu, shi ma siriri. Kada a manta ƙarƙashi da bakin yanka, ta can ruwa da gara suke shiga, kuma tunda yanzu a warware yake, a yi ƙarƙashin kafin kafinta ya haɗa, a kewaye lambar allin. Ƙafafun a ɗora su a kan dutse ko bulo, kada su taɓa ƙasa. Tsumman da aka yi aiki da su kada a dunƙule su a lungu, suna iya ɗaukar wuta da kansu, a shanya su a fili ɗaya-ɗaya. In kana so ka san ko lokacin sake shafawa ya yi, ka ɗiga ruwa a kai. In ya tsaya ƙwaya-ƙwaya da saura, in katakon ya shanye nan take to yana jin ƙishi.

Kowace shekara bayan an kai gero rumbu muke yi, ni da ita. Shekara ɗaya ina daji ta ce me ya sa za a nemi man kasuwa ga man gyaɗa tana matsewa da hannunta, ta shafe shi da shi. Tururuwan unguwar nan duka suka yi ƙaura zuwa gidanmu. Na rubuta wannan ne don kada a ce ni kaɗai na taɓa kuskure a gidan nan, ko da yake nata guda ɗaya ne tak.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Na yi ta kewaye-kewaye da labarin dariya ne don hannuna ba ya son rubuta wannan.

Ka tuna hannunta a bango. Tun da ciwon gwiwa ya kama ta, ba ta saukowa daga ɗakinta sai ta dafa bango ta hannun dama, daidai kafaɗarta. Hannun kuwa kullum da maiƙon gyaɗa, saboda ƙuli-ƙulin da take yi. Shekara da shekaru a wuri ɗaya, har tafin ya fito sosai, da yatsu huɗu da babban yatsa a gefe. Kana yaro kana ɗage ƙafa ka gwada naka a kai. Da ka girma naka ya rufe nata, ta ce to yanzu sai a fara neman maka mata.

Da ta rasu kana Maradi wurin horon malamai, ka zo aka yi makoki ka koma. Aka yi sadakar arba'in, baƙi suka watse, gida ya rage ni da hannun nan. Duk sanda na fito alwala shi nake fara gani. In na zauna cin abinci yana gabana. Na kasa, Isuhu. Ban iya kallonsa ba, ban kuma iya daina kallonsa ba. Sai na aika aka kira Ɗan Jimo, na ce gidan ya yi dauɗa da zaman makoki, a sake masa fenti.

Muka zagaya kamar yadda na ce maka a yi. Da muka zo ƙofarta ya tsaya. Ya ce, "Malam, wanga hannun hwa? In kewaye shi?"

Na ce, "Shafe shi."

Ya ce, "A'a, Malam. Bari shi tukuna. Zahin ne yanzu, in ya huce za ka neme shi. Kuma Isuhu bai nan."

Na ce masa gidana ne. Ya ce maiƙo ne, ko ya shafa fenti sai ya sake ɓullowa bayan wata biyu, sai dai in an kankare har sima. Ina jin dabara ce ya yi mini, yana fata zan ce a shafa kawai, hannun ya dawo da kansa. Na ce a kankare. Ya sunkuya ya ɗauki ƙarfen kankare bango. Ni kuma na shiga mota na tafi Bader Goula, babu aikin da ya kai ni can, na bar aiki tun kafin nan. Gudu na yi don kada in ji ƙarar ƙarfe a bangon.

Na dawo bayan kwana uku na tarar da bango fari fes. Ranar na ji sauƙi, ba zan ɓoye maka ba. Washegari da na fito alwala idona ya tafi wurin da kansa, bai tarar da komai ba. Haka yake yi har yau, kowace safiya, shekara uku. Na sha zuwa in tsaya a gefe lokacin da rana take kwance a bangon, ko zan ga ɗan inuwarsa. Ɗan Jimo aikinsa mai kyau ne, bai bar komai ba.

Da ka zo hutu, ko jakarka ba ka ajiye ba ka tsaya a ƙofarta. Ka ce, "Baba, ina hannun Inna?" Na ga fuskarka, tsoro ya kama ni, na ce masu fenti ne suka yi ina Bader Goula. Ƙarya na yi maka. Ina Bader Goula da gaske, amma ni na ba da umarni, kuma mutumin ya hana ni har sau biyu. Tun daga ranar ka daina tsayawa gaishe shi. In kun haɗu a hanyar masallaci sai ka ɗaga hannu daga nesa ka wuce, dattijon da ya ci naman sunanka. Ina gani, shi ma yana gani, kuma bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba. Jiya da na aika masa ya zo ya taya ni warware dandamalin nan, don ba na so wani ya sa masa guduma, muna zare ƙusoshi ya ce, "Malam, ni ban damu da gaisuwa ba. Amma yaron ga in bai san yadda anka yi ba, shi ma zai shahe nashi, ya zo yana nema." Bidon man katakon da ke cikin buhun ƙafafu shi ya kawo, ya ce a ba ka.

Ka yafe mini, ɗana. Na shafe abin da ba nawa ni kaɗai ba ne, na kuma ɗora laifin a kan mai gaskiya. In ka zo hutun farko, kafin ka sauka gida ka biya ta wurinsa ka durƙusa ka gaishe shi. Ni na riga na roƙe shi gafara jiya, muna tsugune cikin ƙusoshi.

Abin da ya rage na sawunta a duniya yanzu yana cikin motar nan da ta zo maka. Ba na jin ka taɓa dubawa da kyau, don tabarma ce kullum a kai. A katako na uku akwai zagayen ƙuna, inda ta taɓa sauke kaskon suya da zafinsa ranar da ka faɗo daga bishiyar dogon yaro, ta ji ihunka ta ruga. A na shida akwai sare-saren wuƙa ƙanana, wurin yankan kuɓewarta ne, na yi magana har na gaji. A na bakin gaba kuma, ta hagu, gefen ya lotsa ya yi santsi, nan take zama ta sauke ƙafafu ta dafa da hannu biyu kafin ta miƙe. Mai goge katako in bai sani ba zai ga duk wannan lahani ne, ya sa ƙarfi ya daidaita maka shi, yana jiran ka yaba. Ka tsaya a kansa a wuraren nan uku, ko ma ka karɓi takardar yashin ka goge da hannunka, a hankali. Fenti zai rufe su cikin minti kaɗan, kuma na gaya maka yadda abin yake washegari. Mai kuwa fito da su yake yi. Duk shekara in muka shafa, ƙunar nan sai ta ƙara duhu, innarka ta nuna ta ce, "Ga ranar da ɗanka ya so kashe ni."

Ka karanta wa Rakiya wannan, kada ka ce mata kawai Baba ya hana. Ba ta yi laifi ba, shuɗi launi ne mai kyau, kuma ba ta san abin da ke ƙarƙashin tabarma ba. A yi wa ƙofofi da tagogi shuɗin da take so, har bangon rumfar ma. In bayan kun karanta kun ga duk da haka fentin kuke so, ba zan yi fushi ba, ba ni da bakin da zan yi. Abin da nake roƙo kawai, ku bar shi damina ɗaya da mai kaɗai, ku zauna a kai, sannan ku yanke shawara.

Ban riƙe ko katako ɗaya ba. Na bakin gaban nan sau biyu ina sauke shi daga mota da safen nan, sau biyu ina mayarwa, har direba ya fara duba agogo. Dandamali ba ya tsayuwa babu bakinsa, kuma gwiwoyin Rakiya ma wata rana za su nemi wurin dafawa. Yanzu ƙarƙashin rumfar fili ne, sai ramukan da duwatsun ƙafafunsa shida suka bari a ƙasa, na ce kada a share su tukuna.

In Allah Ya kai mu bayan girbi zan zo in ga gidan. Lokacin shafa mai ne dama, ka ajiye mini tsumma ɗaya. Ka gaya wa Rakiya in na zo kada ta shimfiɗa mini tabarma a kai, ko da kuwa ta ga kunya ce a zaunar da suruki a kan katako. Zan zauna ta dama, inda na saba. Hagun ku bar shi haka nan.

Allah Ya ji ƙan innarka, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya tsare ka a hanyar lakwal da dawowa, Ya tsare Rakiya, Ya sa gidan nan ya cika da 'ya'yan da za su ɓata muku bango da hannuwansu. Ku gaishe da maƙwabtanku ko da ban san su ba. Allah Ya sada mu cikin lafiya, amin.

Ni ne mahaifinka,
wanda kakanka ya sa wa Mai Baƙin Mai.